Tsohuwar Kwamfutarmu Ta Koma Kano

Mun tashi da asuba, ruwan da aka kwana ana yi bai gama tsanewa daga kan kwano ba, ni da maiɗakina da kwalaye uku da na ɗaure da hannuna. A kwali na farko akwai gangar jikin wata tsohuwar kwamfuta, a na biyu allonta mai ƙusumbi irin na talabijin ɗin da, a na uku kuwa madannanta da wayoyinta da faya-fayanta. Maiɗakina ta rungumi taransifoma, domin na'urar daga Amurka ta fito, ba ta shan wutarmu kai tsaye sai an rage mata ƙarfi. Daga ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Kagoro muka nufi Kano. Wajibi ne in bayyana dalili tun yanzu, don kada mai karatu ya ɗauka tsufa ne ya taɓa mini hankali.

Ina da aboki a Unguwar Gano, a nan zan kira shi Alhaji kawai. Lokacin da nake koyar da bugun tafireta a wata makarantar sakandare a Kano, shi yana gyaran injuna a wani asibiti. Mu biyu muka haɗa hannu muka sayi wannan kwamfuta daga wani Bature ɗan mishan da zai koma gida, a zamanin da yawancin ofisoshi ba su taɓa ganin irinta ba. Muka kama ɗan shago a Gyaɗi-Gyaɗi, da yamma muna buga wa ɗalibai takardun kammala karatu. Rubutu da manhaja nawa ne, ƙarfe da waya nasa. Muka kuma yi tarayya a wata mujallar kwamfuta da ke zuwa mana ta gidan waya, wani lokaci bayan ta yi watanni a hanya. Da na yi ritaya muka raba gado tun muna da rai: na tafi da na'urar, shi ya riƙe mujallun.

A makon da ya gabaci tafiyarmu 'yarsa ta kira ni. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma a gabana aka raɗa mata suna. Ta ce shanyewar ɓarin jiki ta kama mahaifinta tun farkon damina. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi har ba a gane ko kalma ɗaya, hannun hagu kuma rawa yake yi. Hankalinsa garau. An ba shi biro, ya kasa riƙewa. An ba shi waya, yatsa ya ƙi tsayawa a kan gilashi. An kawo kwamfutar zamani, sai yatsa ɗaya ya danne haruffa uku, ya ture ta. Abin da ya tayar da hankalinsu shi ne ya daina cin abinci, kuma likitoci sun ce ba maƙogwaro ba ne, yana iya haɗiya. Ƙi yake yi.

“Baba,” in ji ta, “akwai abin da yake so ya faɗa mana. Kullum sai ya sa a ɗauko masa tsofaffin mujallun nan, ya ɗora yatsa a kan hoton wata kwamfuta, ya dinga kallona. Hajiya mahaifiyata ta ce irin taku ce. Idan ya ci gaba a haka, dole mu sa masa robar abinci ta hanci, kuma na san ba zai yafe mini ba.”

Na gane nufinsa nan take. Madannan tsohuwar na'urarmu manya ne, masu tsayi, kowanne da ƙarfen da ke tura shi sama, ba sa nutsewa sai an danna su da niyya. Hannu mai rawa zai iya da su. Sai dai filoginsu wani ƙato ne mai zagaye, babu kwamfutar yau da ke da ramin da zai shiga. Ko dai a kai na'urar dukanta, ko a bari.

Akwai wata ƙa'ida da 'yan zamani ba su sani ba. A cikin irin waɗannan na'urori akwai faifan ajiya, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa. Kafin a ɗaga na'urar daga mazauninta, dole a ba ta umarni ta janye allurar gefe, in ba haka ba girgiza guda ta isa ta karce faifan, komai ya tafi. Na ba da wannan umarni, na kashe, na ɗaure kwali. Sai shakka ta kama ni. Na kwance, na kunna, na sake. Da na miƙa hannu zan kwance a karo na uku, maiɗakina ta zauna a kan kwalin.

“Malam, allurar nan ta ji. Ni ma da ke kicin na ji.”

A tasha na biya wa na'urar kujera guda, kuma kuɗin kujera a yau ya kai abin da a da za mu je Kano mu dawo da shi, har da tsaraba. Direba ya nace sai an sa kwalayen a bayan mota tare da buhunan citta. Na ce masa ba za a sa ba. Ya ce to a ɗaure su a sama. Na nuna masa hadarin da ke haɗowa ta gabas. A ƙarshe allon ya zauna a kujerarsa an ɗaure shi da ɗamara, kwalin madannai ya shiga tsakanin ƙafafuna, gangar jikin kuwa na ɗora ta a cinyata a kan matashi. Wani fasinja ya tambaya ko ƙwai ne. Na ce da ƙwai ne da hankalina ya fi kwanciya, domin ana samunsa a kowace kasuwa.

Hanyar Saminaka a damina kyakkyawa ce ga wanda ke da sukunin kallo. Masara ta yi tsayi har ta rufe bukkoki, mata na gasa sabuwa a bakin titi, rafuka sun cika sun yi ja. Ni ramuka kawai nake gani. Duk wanda na hango, sai in ɗaga na'urar sama da hannu biyu har mu wuce, kafin mu kai Saminaka kafaɗuna sun yi tsami. Direban kuwa yana da wata ɗabi'a ta kauce wa ƙaramin rami ya faɗa babba. Na yi masa magana cikin ladabi. Na sake yi masa ba cikin ladabi ba. Ya ƙara ƙarar rediyo.

A wani shingen bincike kafin dajin Falgore, wani mai kaki ya leƙo ya ce a buɗe. Na kwance igiya a hankali, na ɗaga rigar da maiɗakina ta ɗinka wa na'urar tun tana sabuwa, farin yadi mai furanni a gefe. Ya daɗe yana dubanta. Ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa.

“Baba, wannan murhu ne ko injin ƙyanƙyasa?”

Na ce kwamfuta ce, kuma ta girme shi. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, suka yi dariya, suka ce mu tafi Allah ya kiyaye. A cikin dajin ruwa ya sauko. Tagar da ke gefena ba ta rufuwa sosai, sai na tuɓe kwat ɗina na lulluɓe kwalin, na bar kafaɗata ga ruwan. Duk tsawon dajin lissafi ɗaya nake yi: idan danshi ya shiga, ko allura ta motsa, me zan ce wa mutumin da ke kwance yana jira?

A Kwanar Ɗangora aka tsaya cin abinci. Maiɗakina ta sayo gurasa da tsire da ruwan shayi, ta ce gurasar ta ragu da rabi amma kuɗinta ya ƙaru. Ban sauka ba, kuma ban ci ba, domin ba a cin abinci kusa da kwamfuta. Haka muka karanta a mujalla, haka muka rubuta muka manna a ƙofar shago, tare da dokar tuɓe takalmi. Ta ce na'urar a kashe take, a cikin kwali, cikin riga, cikin kwat. Na ce doka ba ta san wannan ba. Ta cinye rabona.

Bayan mun wuce gonakin shinkafar Kura, mun shiga Kano da la'asar sakaliya, muka sauka a Unguwa Uku. Na yi shekaru ban zo ba. Gadoji sun hau kan gadoji, kuma inda na san fili a wajen Ƙauyen Alu yanzu benaye ne. Muka ɗauki Adaidaita Sahu shata. Na ce wa matuƙin ya yi tafiyar mai ɗauke da marar lafiya, ya ce to, ya kuma fizge mu kamar an biyo shi.

Na roƙe shi ya bi ta Gyaɗi-Gyaɗi, ko da yake zagaye ne. Shagonmu yana nan, amma yanzu cajin waya ake yi a ciki, wayoyi sun fi ɗari a jere a kan katako, kowa na shiga da takalminsa. A wannan ɗaki muka kwashe maraice da yawa muna kwafe manhaja daga shafukan mujalla. Haka ake yi a lokacin: a buga maka umarnin layi-layi a takarda, kai kuma ka shigar da shi da hannu. Alhaji na karantowa, ina bugawa. Waƙafi ɗaya ya ɓace, duk aikin ya tsaya, mu koma daga farko muna bin layi da rula. Akwai wani wasan dara da ya ci mana kusan wata guda, ranar da ya yi aiki kuwa Alhaji ya fita titi ba hula yana kiran mai shayi ya zo ya gani. Allon baƙi ne, haruffan kore, firintar kuma in tana aiki sai maƙwabta su rufe taga. Ban sauka ba. Na ce wa matuƙin mu tafi.

Hajiya, matar Alhaji, ta tarbe mu a zaure. Ita da maiɗakina suka rungume juna suna kuka, taransifoma a tsakaninsu. Na shiga ɗakin da aka kwantar da shi. Ba zan kwatanta ramar da ya yi ba, domin mutum ne mai kiyaye mutuncinsa. Mujallunmu na jibge a gefen gado, bayansu ya yi launin ƙasa, na gane kowace da bangonta. Na gaishe shi. Bai dube ni ba, kwalayen yake kallo. Sannan ya dubi ƙafafuna, ya ɗaga gira. Na koma bakin ƙofa na tuɓe takalmi.

An ɗauke wuta. 'Yar ta ce a tayar da janareta, na ce sam, wutarsa hawa da sauka take yi, na'urar ba za ta jure ba. Ta ce, “Baba, rabonsa da abincin kirki fa an kwana biyu.” Na ce na sani, amma idan ta ƙone babu wata. Muka zauna jira. Wannan jira shi ne mafi tsanani a duk tafiyar. Na shirya komai a kan teburin da ake tura masa abinci, na haɗa wayoyi, na duba taransifoma, na sake dubawa. Hajiya ta kawo kunun gyaɗa ta kai masa baki, ya kau da kai. Ana kiran magariba yaran unguwa suka yi ihu, fanka ta fara juyawa.

Na jira suka idar da salla. Na yi tawa addu'ar a zuci, na danna makunni.

Fankar cikinta ta tashi. Faifan ya yi gurnaninsa da na sani, alamar allura lafiya. Amma allon bai nuna komai ba. Sai na'urar ta yi ƙara, ɗaya doguwa, biyu gajeru. Na kashe, na kunna. Doguwa ɗaya, gajeru biyu, allo baƙi ƙirin. A gida ta yi aiki, da idona na gani. Na tsaya a gaban mutane huɗu ban san abin yi ba, domin a duk zamanmu ban taɓa buɗe cikin na'urar nan ba. Wannan ɓangaren Alhaji ne.

Sai na ji ana bugun ƙarfen gado. Shi ne, da hannun hagu. Da ya ga na juyo, ya nuna na'urar, ya juya yatsa kamar mai kwance noti. Aka samo sukundireba, na cire filogi, na kwance murfin. Na kai hannu, ya sake bugun gado da ƙarfi, ya nuna ƙarfen taga. Na manta: sai an taɓa ƙarfe tukuna, don wutar da ke jikin mutum kada ta lalata kayan ciki. Na taɓa. Na dinga nuna masa allunan da ke tsaye a ciki ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai, har na zo kan wanda wayar allo ke shiga. Ya lumshe ido. Girgizar hanya ta ɗaga shi daga mazauninsa. Na zare shi, zan mayar, sai ya yi wani gunaguni, ya shiga goga yatsansa a kan bargo, gaba da baya.

“Ƙaiƙayi yake ji?” in ji Hajiya.

“A'a,” na ce. “Kilina yake so, ta goge fensir.”

Na sha ganinsa yana yi a shago, dabara ce da ya tsinta a shafin wasiƙun masu karatu na mujallar. 'Yar ta zaro fensir daga aljihun rigar aikinta. Na goge haƙoran tagullar da ke gindin ɗan allon da na zare har suka yi ƙyalli, na hure, na mayar, na danna da babban yatsa har ya ce ƙas. Na kunna.

Ƙara ɗaya, gajeruwa. Sannan koren haske ya taso a hankali daga tsakiyar allon, ɗan layin nan ya fara ƙiftawa a kusurwa.

Na buɗe manhajar rubutu, muka tallafe shi da matasai, na tura madannan ƙarƙashin hannunsa. Yatsan ya yi ta yawo a sama, ya sauka a kan harafi, ya tsaya, ya danna. Ƙarar ta cika ɗakin. Kowane harafi sai da ya ci lokacin da a da nake buga layi biyu a cikinsa. Da ya gama, ya dubi 'yarsa, ita ta karanta da bakinta:

KI TAFI KARATUNKI. BA ZAN CI BA SAI KIN CE TO.

Ni ban gane ba, sai Hajiya ta yi mini bayani tana share ido. An ba yarinyar gurbin ƙarin karatu a fannin jinyar masu ciwon zuciya, a wani gari mai nisa, abin da ta daɗe tana nema. Da ciwon ya zo, ta yanke shawarar ajiye gurbin ta zauna jinya. A nan bakin gadon suka yi maganar ita da uwarta, suna gyara masa shimfiɗa, ba su tuna cewa kunnensa lafiya lau ba. Tun ranar ya rufe baki.

“Baba, wa zai kula da kai?” in ji ta. “Wa zai juya ka, wa zai duba maganinka?”

Ya sake kai hannu. UWARKI. YAYANKI. BA KE KADAI NA HAIFA BA.

Ta yi gardama, ta yi kuka, ta ce a bari zuwa baɗi. Ya janye hannunsa daga madannan ya rufe ido. Na san wannan taurin kai, na yi shekaru ina fama da shi a kan ko wane ne ya tsallake layi. Na ce mata, “'Yata, ba za ki ci nasara ba. Ni ban taɓa ci ba.” Ta durƙusa a gefen gadon, ta ce, “To, Baba. Na ce to.” Hajiya ta ɗumamo kunun. Ya sha rabin kofi, ya huta, ya shanye.

Kafin mu fita ya yafito ni, ya buga mini nawa saƙon: KA TSUFA. KUMA BA KA TABA KARFE BA.

Mun yi kwanaki kaɗan a wajensu. Na koya wa Hajiya da babban ɗansu yadda ake kunnawa da kashewa, na hana janareta, na hana kofi a kan tebur. Da na zo bayanin janye allura, Alhaji ya buga: NI NA KOYA MAKA. A rubutunsa akwai kurakurai da yawa, haruffa a maimaice, kalmomi a manne. Na yi shekaru ina mayar wa ɗalibai takarda saboda abin da bai kai wannan ba. Ban gyara ko ɗaya ba.

Mun bar na'urar a can, da rigarta da taransifomarta. A madadinta ya sa aka ɗaure mini rabin mujallun. A dawowa sai na sa su a bayan mota tare da buhunan albasa, na zauna hannu sake, na ci gurasa a Kwanar Ɗangora. A wannan karon na ga duwatsu da gonaki. Mun iso gida da yamma, teburin da ke kusurwar ɗakina ba kowa, sai shatar inda ta zauna shekara da shekaru.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na ɗauka ina adana na'urar nan ne don tunawa da ƙuruciya, ina share ta, ina kunna ta kowane wata, maiɗakina na yi mini tsiya. Ashe ajiyar wani ce a hannuna. Na kuma koyi cewa marar lafiyan da ba ya magana yana ji, don haka a kiyaye abin da ake faɗa a kansa.

Hankalina bai kwanta duka ba. Na'urar ta tsufa, babu mai sayar da kayanta, kuma ban yarda ɗan nan ba zai tayar da janareta wata rana ba. Yarinyar ta tafi karatunta. Kowace safiya Hajiya kan kira ni don ta karanta mini abin da ya rubuta. Nakan ce ta dakata tukuna, ta kara wayar kusa da tebur. Sai na ji ƙarar madannan nan, ɗaya, sannan can wata, kafin in iya karya kumallo.